Baba Fasto, a Ina Zan Samo Farin Cikin da Ake Cewa In Yi?

Tambaya: Wata 'yar'uwa ce ta rubuto. Maigidanta ya rasu shekara biyu da suka wuce, bayan doguwar jinya da ta lashe ɗan abin da suka tara. Ya bar mata yara huɗu, yanzu awara take soyawa a bakin hanya. Ta ce duk ranar da hawaye suka kufce mata a zumuntar mata, sai a ce ta share, ai mai bi ba ya baƙin ciki, a karanta mata Filibiyawa 4:4 inda aka ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. Ta ƙare da cewa: "Baba Fasto, na yi iya ƙoƙarina, abin ya ƙi. Bangaskiyata ce ta gaza? A ina mutum zai samo farin ciki da wadar zuci alhali ga marayu, ga bashi, ga tsadar rayuwa?"

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya yaran da aka bar miki. Bangaskiyarki ba ta gaza ba. Matan da suke ce miki ki share hawaye ba da mugun nufi suke yi ba, sai dai sun ɗauko ayar sun baro wanda ya rubuta ta. Bari mu je mu same shi inda yake zaune.

Bulus a ɗaure yake lokacin da ya rubuta wasiƙar nan. Yawancin masana suna ganin a Roma ne, tsakanin shekara ta 60 da ta 62 bayan haihuwar Almasihu. Ƙarshen Ayyukan Manzanni ya nuna mana yadda zaman yake: shekara biyu cur a gidan haya, soja na gadinsa, sarƙa a jikinsa, yana jiran shari'ar da za ta iya ƙarewa da ransa. Ga kuɗin haya a wuyansa, ga ba halin fita nema. A cikin garin kuma akwai waɗansu masu wa'azi da suke yi don kishi, da niyyar su ƙara masa wahala a kan wadda yake sha. Shi da kansa ya faɗa a sura ta 1.

Yanzu ki buɗe sura ta 2, aya ta 27. Ikilisiyar Filibi ta aiki wani mutum, Abafaroditas, ya kai wa Bulus gudummawa. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, ta ƙasa da ta ruwa, mutumin kuwa ya kwanta ciwo har ya kai bakin mutuwa. Da ya tashi, Bulus ya ce Allah ya ji tausayin Abafaroditas, ya kuma ji tausayinsa shi Bulus, don kada baƙin ciki ya hau masa a kan baƙin ciki. Ashe dama akwai wanda yake ɗauke da shi tun kafin wannan. A 3:18 kuma ya ce da hawaye yake maganar da yake yi. Wasiƙar da ta ambaci murna da farin ciki wajen sau 16 a surori huɗu, ita ce dai wadda mai ita ya rubuta yana kuka. A wata wasiƙar, 2 Korantiyawa 1:8, bai ɓoye ba cewa a ƙasar Asiya wahala ta fi ƙarfinsu har suka fid da rai. Da ya zo 6:10 sai ya ce yana cikin baƙin ciki, amma kullum yana murna. Bai ce ɗaya ta kori ɗaya ba.

Ki yi mini afuwa, misalin da zan kawo ba na coci ba ne, amma kowa a ƙasar nan ya san shi. Baƙin ciki da farin ciki a zuciyar mai bi kamar kishiyoyi suke: gida ɗaya, kowace da ranar girkinta, wani lokacin ma su haɗu a tsakar gida. Abin da ake ce miki a zumunta shi ne sai kin saki ɗaya kafin ɗayar ta tare. Littafi Mai Tsarki bai kafa wannan sharaɗin ba.

Mu nan arewa da haƙuri aka rene mu, kuma gado ne mai kyau. Amma sau da yawa abin da muke kira haƙuri shi ne ta ciki na ciki: a haɗiye, a yi murmushi, a ce lafiya lau. A gaban baƙo wannan ladabi ne. A gaban Allah kuwa ba a bukatarsa. Cikin Zabura 150, wajen kashi ɗaya bisa uku kuka ne da kai ƙara. Zabura ta 88 ma daga farko har ƙarshe babu inda haske ya keto, mai ita ya rufe da cewa duhu ne abokinsa, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ga dalilin cire ta daga littafin sujadar jama'ar Allah ba. Na'omi, gwauruwa irinki, da ta koma Baitalami ta ce wa matan garin su daina kiranta Na'omi, su kira ta Mara, gama Maɗaukaki ya ɗanɗana mata ɗaci. Ba a rubuta cewa wani ya tsawata mata ba. Ubangijinmu kansa ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru ya yi hawaye, alhali ya san nan da ɗan lokaci zai kira shi ya fito. In wanda yake riƙe da tashin matattu a hannunsa ya yi kuka a makabarta, wa zai hana ki?

Akwai aya a Karin Magana 25:20 da nake so a riƙa karantawa a taron shugabannin zumunta. Ta ce mai rera wa mai baƙin zuciya waƙa daidai yake da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi. Abokan Ayuba ma, kwana bakwai da suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba, shi ne aikin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara yi masa bayanin dalilin wahalarsa, nan suka ɓata, har a sura ta 42 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban da ya la'anta ranar haihuwarsa.

To, mene ne farin cikin, in ba dariya ba ce?

Annabi Habakuk ya fi kowa nuna shi a fili, a ganina. Ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, gab da zuwan Kaldiyawa waɗanda suka rushe Urushalima a 586. Littafinsa da ƙorafi ya fara: har yaushe zan yi ta kira ba ka ji? Amsar da ya samu ta fi tambayar ciwo, domin an gaya masa abin da ke tafe ya fi na yanzu muni. A 3:16 ya ce cikinsa ya kaɗa, leɓunansa suna rawa, ƙasusuwansa sun yi la'asar. Daga nan sai ya zauna ya yi lissafin manomi, ɗaya bayan ɗaya: ɓaure bai yi toho ba, kurangar inabi ba 'ya'ya, zaitun ya ƙi, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare, turke ba saniya. Bai rage komai ba, bai ce "ai ba komai" ba. Bayan ya gama ƙirga asarar ne ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Ƙafafunsa ba su daina rawa ba lokacin da ya faɗi haka. Abin da ya yi shi ne ya duba ya ga cikin duk abin da Kaldiyawa za su iya kwashewa, akwai guda ɗaya da ba zai shiga buhunsu ba. A ƙarshen surar har an sa umarni ga shugaban mawaƙa, a rera da kayan kiɗa masu tsirkiya. Wato an mai da lissafin asara waƙar sujada.

Ki yi naki lissafin haka, da gaskiya. Miji ya tafi. Jari ya tafi asibiti. Mutanen da suke cika gidan lokacin da yake da rai sun ragu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, waken suya, mangyaɗa, itace, kuɗin niƙa, babu wanda ya tsaya inda yake. Ki faɗa wa Allah duk wannan da sunansa. Sannan ki tambayi kanki abin da mutuwa da kasuwa ba su iya taɓawa ba: an gafarta miki, ke 'yar Allah ce, Almasihu ya tashi, kabarin maigidanki ba shi ne ƙarshen labarinsa ba. A daren da za a kama Yesu ya gaya wa almajiransa cewa yanzu suna da baƙin ciki, amma zai sāke ganinsu, kuma farin cikinsu ba mai ƙwace musu shi (Yahaya 16:22). Wannan farin cikin wani lokaci ana jinsa a jiki, har mutum ya tashi ya taka rawa. Wani lokacin kuwa iyakarsa ya hana mutum faɗuwa. Duka biyun shi ne.

Mun ga irinsa a zamaninmu. A farkon Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, faston Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na ƙaramar hukumar Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da suka fitar, ya roƙi a yi ƙoƙarin ceto shi, ya ce yana sa zuciya zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa. Ya kuma ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya tsinci kansa a hannun Allah yake, in kuwa ba a ba shi damar komawa ba, to wataƙila nufin Allah ke nan. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Duk wanda ya kalli bidiyon ya ga ba dariya yake yi ba, mutum ne mai son rai da son iyalinsa. Ban kawo shi don ki auna kanki da shi ki ga kin kasa ba. Alherin da aka ba shi na wannan sa'ar ne, ke kuma naki na ƙarfe huɗun asuba ne, lokacin da kike tace gasara yara suna barci.

Sai maganar wadar zuci. A Filibiyawa 4:11-12 Bulus ya ce koya ya yi. Lokacin da yake wannan rubutu ya haura shekara 25 yana bin Almasihu, kuma makarantar da ya yi tana nan a 2 Korantiyawa 11: sau biyar an yi masa bulala 40 ba ɗaya, sau uku da sanduna, sau ɗaya aka jajjefe shi da duwatsu, sau uku jirgi ya farfashe da shi, ga yunwa, ga ƙishirwa, ga sanyi ba sutura. Jirgin da ya farfashe da shi a hanyar Roma ma bai shiga wannan ƙidayar ba, don daga baya ya faru. Ke shekara biyu kika yi. Kada ki yarda wani ya nemi ki ba da amsar ɗan ajin ƙarshe.

Ayar da ke biye, Filibiyawa 4:13, ita ce ake liƙawa a bayan Keke Napep da bangon shago, ana nufin duk abin da na sa gaba zan same shi. Ba abin da mutumin yake faɗa ke nan ba. Cewa yake yi ya san zaman ƙoshi, ya san zaman yunwa, kuma ta wurin wanda yake ƙarfafa shi zai iya ɗaukar kowanne. Ayar mai kwana da yunwa ce kafin ta zama ta kowa.

Amma ki ji ni da kyau a nan, don an sha cutar gwauraye da wannan kalma. Wadar zuci ba ta hana neman hakki, ba ta hana neman na kai. Bulus ɗin nan, a garin Filibi ɗin nan, shi da Sila sun rera waƙa da tsakar dare ƙafafunsu a turu, bayansu duk sawun duka. Da gari ya waye aka aiko a sallame su a ɓoye, sai ya ce faufau: an doke mu a bainar jama'a ba shari'a, mu kuwa 'yan ƙasar Roma ne, su zo da kansu su fitar da mu. Mahukuntan suka zo suka ba su haƙuri. Rut ba ta zauna jiran mu'ujiza ba, ta ɗauki ƙafa ta tafi kala a gonar Bo'aza daga safe har yamma. Da Yesu zai koyar da naciya cikin addu'a, gwauruwa ya zaɓa, wadda ta hana alƙali sakat har ya bi mata hakkinta. Saboda haka in dangin miji sun sa hannu a gida ko gonar marayu, ki kai maganar gaban dattawan ikilisiya, in ta ƙi, gaban mai unguwa ko kotu. In akwai adashi mai aminci, ki shiga. In kin ga wajen da ciniki ya fi, ki matsar da kaskonki. Abin da wadar zuci take kashewa shi ne wutar nan da takan tashi a ƙirji in kin ga anko a jikin wata, ko kin buɗe Facebook kin ga sa'arki tana bikin sabon gida, har abincin da ke gabanki ya fita miki a rai. Ma'aunin da aka ba Timoti gajere ne: in muna da abinci da sutura, su ishe mu (1 Timoti 6:8). Ranar da yaranki suka ci suka kwanta, wannan ranar ta cika, ko da gobe ba ta nuna fuskarta ba tukuna.

Wani abu kuma da ba zan yi shiru a kai ba. Mai baƙin ciki kasuwa ce ga waɗansu. Za a ce miki akwai la'ana a gidanku, ko wani zunubi ne ya jawo, a ce ki "shuka iri" ko ki sayi man shafawa ƙofa ta buɗe. Kada ki cire kuɗin waken gobe ki ba kowa don wannan. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9:3). Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Ba a ce masa ya ƙara baiko ba.

Ta wace ƙofa farin cikin yakan shigo? A abin da na gani cikin shekarun hidimata, galibi a hannun mutane yake zuwa. Wurin da Bulus ya ce ya yi farin ciki ƙwarai, a Filibiyawa 4:10, lokacin da gudummawar mutanen Filibi ta iso ne. Bayan duk maganar wadar zucin da ya yi, bai ce da ma ba ku wahalar da kanku ba, cewa ya yi sun kyauta da suka yi tarayya da shi cikin wahalarsa. Da garin Mubi ya faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta koma Jos na ɗan lokaci, dubban mutane suka kwarara Yola. Abin da ya riƙe mutane a watannin nan shi ne gidajen da suka buɗe ƙofa, da harabobin majami'u da suka zama masauki, da tukunyar da aka ƙara wa ruwa. Kula da gwauraye kuwa ba alfarma ba ce ikilisiya take yi. Mutum bakwai na farko da aka keɓe don hidima a Ayyukan Manzanni 6, dalilin zaɓensu shi ne ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci. Don haka kada kunya ta hana ki faɗin bukatarki. Kada kuma ki raina abin da ke hannunki. Ikilisiyoyin Makidoniya, Filibi na cikinsu, an shaide su da cewa cikin matsanancin talauci da yalwar farin ciki suka yi bayarwa (2 Korantiyawa 8:2). Yankan awara biyu da yaji da za ki miƙa wa yaron da ya tsaya yana kallon kasko ba ko sisi, kin san abin da yake yi wa zuciyarki.

Ga abin da zan ba ki ki riƙe a hannu. Zabura ta 13 aya shida ce kacal. Sau huɗu ta ce "har yaushe" a ayoyi biyun farko, a tsakiya ta yi roƙo, a ƙarshe ta ce na dogara ga ƙaunarka, zan raira waƙa. Ki haddace ta, ki riƙa yin ta yayin da kike jiran madarar waken ta tafasa. Wata ranar a aya ta 2 za ki tsaya, ki kasa wucewa. Ki tsaya ɗin, gobe ma rana ce. Da dare kuma, kafin yara su kwanta, kowa ya faɗi abu ɗaya tak da ya faru yau wanda zai gode wa Allah dominsa, ƙarami ko babba, ban da godiyar baki irin ta "mun gode don kome da kome". In ana waƙa a zumunta, tulu na tashi, kacau-kacau na amsawa, ki yi waƙar ko da hawaye na zuba. Ba munafunci ba ne.

Ki kuma kula da jikinki. Da Iliya ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa, mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Gurasa ya ba shi da tulun ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashinsa ya ci. In kin ga makonni suna wucewa ba barci, abinci ya fita miki a rai, aikin da kika saba ya gagare ki, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa miki, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ki gaya wa wani na kusa da ke a ranar, ki je asibiti. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashensa. Shan maganin ba ya rage addu'a, kamar yadda maganin hawan jini ba ya rage ta.

Game da matan zumunta, kada ki ƙaurace musu, kada kuma ki tsaya gardama a tsakiyar taro. Ki sami uwar zumunta ko matar fasto ita kaɗai, ki buɗe mata Romawa 12:15, inda aka ce a yi farin ciki da masu farin ciki, a yi kuka da masu kuka. Ki ce mata, "Mama, rabin ayar nan na biyu nake bukata yanzu." Ki roƙi a haɗa ki da mace ɗaya, zai fi kyau wadda ita ma ta binne miji shekarun baya, da za ta riƙa leƙo ki ko sau ɗaya a mako. Maganar kuɗin makarantar yara kuma, ki kai wa dattawa tun ana hutu, a rubuce, da sunan kowane yaro da ajinsa da abin da ake bin sa, don kwamiti ya samu ya zauna a kai kafin a koma.